Muhawara: Sayen jirage ko iya ƙera su, wanne ke ɗaga darajar ƙasa?

Injiniyan Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da malamaina da sauran 'yan uwa na wannan zaure. Tun da aka sanar da kafa kamfanin Riyadh Air a watan Maris na 2023, aka kuma bayyana cewa shi da Saudia, kamfanin jiragen ƙasar Saudiyya, za su sayi jiragen Boeing 787 guda 78, da damar ƙarawa har su kai 121, nake ganin saƙonnin murna a nan, ana cewa Saudiyya ta shiga sahun manyan ƙasashe a harkar jiragen sama. Da rukunin Saudia ya sake yin odar jiragen Airbus 105 a watan Mayun 2024, sai murnar ta ƙaru. Ban ga laifin mai murna ba, domin ƙasar da ke karɓar miliyoyin alhazai da masu umara, wadda kuma ta ɗora wa kanta burin ɗaukar fasinja miliyan 330 a shekara nan da 2030, dole ta tanadi jirage da filayen da za su ɗauke su.

Sai dai ni da nake wuni a rumfar gyaran jirage ina da wata magana da nake so mu tattauna a kanta. Jirgin da aka saya kan ɗaruruwan miliyoyin daloli yana iya kwana a ƙasa saboda wani ɗan bawul da bai fi tafin hannu ba, yana jiran a aiko da shi daga Turai ko Amurka. Ko da akwai maƙerin da zai iya fitar da irinsa sak a nan Jidda, ba mu da ikon ɗaura shi, domin kowane yanki da ke jikin jirgi, har noti da ƙusa, yana tafe da takardar da ke nuna wanda ya ƙera shi, da wanda ya gwada shi, da hukumar da ta amince da shi. Idan takardar ta ɓace, gefe ake ajiye kayan a liƙa masa alamar kada a taɓa, komai sabuntarsa. Littafin da muke bi wajen gyara na kamfanin da ya ƙera jirgin ne, manhajar da ke cikin kwamfutocinsa ma tasa ce, hukumomin da duniya ta fi sauraren sa hannunsu kuwa su ne FAA ta Amurka da EASA ta Turai.

Don haka a ganina matsayin ƙasa a wannan fage yana wurin abin da 'ya'yanta suka iya zanawa, suka ƙera, suka gyara, aka kuma yarda da sa hannunsu a kai. Ita kanta gwamnatin Saudiyya ta san da haka, shi ya sa da aka ƙaddamar da shirinta na sauya tattalin arzikin ƙasa nan da 2030 a shekarar 2016 aka faɗa a fili cewa kusan kashi 2 cikin ɗari kacal na kuɗin da ake kashewa kan kayan soja ke tsayawa a cikin gida, aka kuma sa burin kai shi kashi 50. Ina neman ra'ayinku, musamman masana tattalin arziki da ke cikinmu.

Malamin Riyad

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya saka da alheri da ka kawo mana magana daga bakin aiki. Zan ɗan saɓa maka, kuma ina fata za ka yi mini uzuri.

Ƙera jirgin sama yana cikin sana'o'in da suka fi cin kuɗi, suka kuma fi jinkirin dawo da shi, kuma ƙasashen da suka shiga da ƙafar dama suka fito da asara suna da yawa. Indonesiya ta damƙa wannan buri a hannun Habibie, injiniyan da ya yi karatu da aiki a Jamus, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. A watan Agustan 1995 jirginsu mai suna N-250 ya tashi a Bandung, ƙasa ta ɗauki murna. Ba a jima ba rikicin kuɗi na Asiya ya faɗo, a 1998 Asusun Lamuni na Duniya ya sa sharaɗin a daina zuba kuɗin gwamnati a aikin, jirgin bai taɓa ɗaukar fasinja mai tikiti ba, injiniyoyin da aka kashe dukiya wajen horar da su kuma da yawansu suka watse zuwa kamfanonin ƙasashen waje.

Idan an ce ai Indonesiya ƙasa ce mai tasowa, to ga Japan. Kamfanonin Japan ke ƙera kusan kashi 35 cikin ɗari na gangar jikin Boeing 787, har da fukafukansa, amma da Mitsubishi ya ce zai yi nasa jirgin fasinja, tun 2008 yake fama har ya haƙura a watan Fabrairun 2023, bayan an kashe abin da ya kai kimanin yen tiriliyan 1, ba tare da ya samu takardar amincewar da kake magana a kanta ba.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Dubai. Kamfanin Emirates ya fara a 1985 da jirage biyu da ya yi haya daga Pakistan. Har yau Dubai ba ta ƙera jirgin fasinja, amma filin jirginta ya karɓi fasinja fiye da miliyan 92 a 2024, kuma otal-otal, da kasuwanni, da bankuna, da harkar kaya duk a kan wannan zirga-zirga suka ginu. Saudiyya na zaune tsakanin Asiya da Afirka da Turai, ga Makka da Madina da babu wata ƙasa da za ta yi gasa da ita a kansu. Ni a lissafina, ƙasa ta fi samun galaba idan ta ƙarfafa abin da ta fi kowa dama a kansa, ta sayi sauran daga wanda ya fi ta iyawa. Kowane riyal da aka zuba a masana'antar da ba za ta iya riƙe kanta ba, an hana shi zuwa wurin tace ruwan teku, ko makaranta, ko asibiti.

Baba na Maiurno

Salamu alaikum 'ya'yana. Malam, lissafinka daidai ne matuƙar ana zaman lafiya kuma mai sayarwa yana son sayar maka. Mu mutanen Sudan mun ga abin da ke faruwa ranar da ya ce ya fasa.

Kamfanin jiragen sama na Sudan yana cikin mafiya daɗewa a Afirka, tun a shekarun 1940 aka kafa shi, kuma a shekarun 1960 yana zuwa Landan da jiragen zamani. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi. Daga nan kayan gyaran Boeing suka haramta, na Airbus ma suka yi wuya, domin da wahala ka samu babban jirgi da babu injin Amurka ko na'urar Amurka a jikinsa. Na yi shekaru ina aiki a filin jirgi, na ga jirgi lafiyayye an ja shi gefe, yau a kwance masa famfo a kai wa ɗan uwansa, gobe a cire masa birki, jibi na'urar gaban matuƙi, har ya zama gwangwani rana na cin fentinsa. Makanikai na nan, ƙwararru ne waɗanda ƙasashen Larabawa ke rububin ɗauka, amma hannu ba ya aiki sai da kaya. Ban ce takunkumi kaɗai ne ya jawo komai ba, akwai matsalolinmu na cikin gida, amma lokacin da aka ɗage shi a 2017 abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Wannan wahala ce ta sa aka kafa masana'antar Safat a arewacin Omdurman, inda ake gyaran jiragen Antonov da jirage masu saukar ungulu, har ana harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi. Ba wani babban abu ba ne a idon duniya, amma ya nuna cewa ana iyawa idan tura ta kai bango. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya zo ya ƙone jirage a filin Khartum, har mutane suka koma tsallaka teku daga Fot Sudan zuwa Jidda a jirgin ruwa kamar yadda kakanninmu suka yi.

Kada kuma a ce wannan matsalar ƙananan ƙasashe ce. Rasha da ke ƙera nata jiragen yaƙi, da aka yanke mata kayan Boeing da Airbus a 2022 ita ma sai da ta koma kwance wannan ta gyara wancan. Iran kuwa ta fi shekara arba'in a cikin wannan hali. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ina tare da Injiniya.

Ɗalibin Zahran

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma kawo wa Sudan zaman lafiya. Malam da Yaya Injiniya, ina neman izinin sa baki a matsayina na mai koyo.

Abin da Baba ya faɗa shi ne tarihin Turkiyya. Bayan rikicin Cyprus na 1974 Amurka ta hana ta makamai daga 1975, a wannan shekarar kuma Turkawa suka kafa kamfanin Aselsan don su riƙa yin na'urorin sadarwar sojansu da kansu. Yau jirginsu mara matuƙi Bayraktar TB2 yana hannun ƙasashe da dama, har da Nijar da Najeriya da Mali da Burkina Faso, kuma a watan Yulin 2023 a Jidda Saudiyya ta sa hannu da kamfanin Baykar kan sayen babban samfurinsa Akinci, da sharaɗin a riƙa ƙera shi a cikin ƙasa. Da Kanada ta hana su kyamarar da suke ɗaura wa TB2 a 2020, sai suka koma kan wadda Aselsan ya ƙera. A watan Fabrairun 2024 kuma jirgin yaƙinsu Kaan ya yi tashin farko. Wannan duk ya ba Turkiyya bakin magana a Afirka da Asiya wanda ba ta da shi a da, domin wanda ya sayi jirginka zai daɗe yana buƙatar masu horarwarka da kayan gyaranka.

Tambayata ita ce, tun da jirage marasa matuƙi da ƙananan taurarin ɗan Adam sun rage tsadar shiga wannan fage, me zai hana ƙasa mai kuɗi kamar Saudiyya ta tafi kai tsaye ga zana nata jirgin, maimakon ta tsaya a gyaran na wasu?

Injiniyan Jidda

Ƙanena, tambayarka mai kyau ce, kuma an taɓa gwada abin da kake faɗa. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz da kamfanin Taqnia sun haɗa hannu da Antonov na Yukren kan wani jirgin ɗaukar kaya mai suna An-132. Samfurin farko ya tashi a Kiyef a watan Maris na 2017, aka kai shi baje kolin jirage na Faris, da niyyar a dawo a riƙa ƙera shi a Saudiyya, amma aikin ya tsaya ba a kai ga haka ba. Kuɗi na iya sayen zane, har ya sayi samfuri guda, amma ɗaruruwan ƙananan masana'antun da za su riƙa kawo kaya a kan lokaci, da dubban ma'aikatan da hannunsu ya faɗa, waɗannan sai a hankali suke samuwa.

Ka kuma duba cikin Kaan da ka ambata, za ka tarar da injin General Electric na Amurka ne ya tashe shi. Sin da duk ƙarfinta ta kafa kamfanin COMAC a 2008, jirginta C919 ya yi tashin farko a 2017, bai fara ɗaukar fasinja ba sai 2023, kuma injinsa na haɗin gwiwar General Electric da Safran na Faransa ne. Indiya ta sauke kumbo a duniyar wata, amma jirgin yaƙinta Tejas da injin Amurka yake tashi. Dalilin yana cikin injin kansa. Idan muka zura 'yar kyamara a cikinsa don dubawa, muna ganin ƙananan fukafukai a jere a bayan inda mai ke ƙonewa. Iskar da ke dukansu ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen da aka yi su da shi, abin da ke hana su narkewa shi ne wasu ƙananan huji da sanyayyar iska ke bi ta cikinsu, da wani shafi na musamman a bayansu, da kuma yadda ake zuba kowannensu ya daskare a matsayin ƙwaya ɗaya ba tare da gaɓa ba. Kamfanonin da suka ƙware a wannan don manyan jiragen fasinja ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: General Electric, Pratt & Whitney, Rolls-Royce da Safran. Su ma suna tuntuɓe, domin a 2023 an gano gurɓata a garin ƙarfen da Pratt & Whitney ya yi amfani da shi, abin da ya ajiye ɗaruruwan jiragen Airbus samfurin A320neo a ƙasa a faɗin duniya.

Misalin da nake so mu riƙe shi ne Birazil, kuma shi ne amsata ga Malam. Su da makaranta suka fara. A 1950 suka buɗe cibiyar koyar da injiniyancin jirage ta ITA a garin São José dos Campos, suka ɗauko malamai daga waje, suka yi ta yaye ɗalibai kusan shekara ashirin kafin jirgin Bandeirante ya tashi a 1968, sannan aka kafa Embraer a 1969. Ba su ce za su kara da Boeing ba, sai suka zaɓi ƙananan jiragen da ke haɗa garuruwa, suna sayen inji daga waje, su kuma su riƙe zane da haɗawa da gwaji. Kamfanin ya kusa durƙushewa a farkon shekarun 1990, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994, yau kuma shi ne na uku a duniya wajen jiragen fasinja bayan Boeing da Airbus. Air Peace na Najeriya yana tashi da jiragensa samfurin E195-E2. Abin da ya fi burge ni shi ne Birazil tana da hukumarta da ke tantance jirgi, Amurka da Turai kuma su karɓi aikinta bisa yarjejeniya.

Hajiyar Madina

Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, malamar makarantar 'yan mata ce, amma ina ganin akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. A watan Mayun 2023 Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka tashi zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta zama mace ta farko daga Saudiyya da ta je can. Ma'aikaciyar ɗakin bincike ce a asibitin Sarki Faisal na Riyad, tana aiki kan ƙwayoyin halitta da ciwon daji, kuma su biyun sun gudanar da gwaje-gwaje 14, wasu ma tare da 'yan makaranta da ke kallonsu daga ƙasa.

Da yawa daga cikin ɗalibaina jikokin mutanen da suka zo daga Kano da Barno da Sudan ne. Sun ga mace mai launin fatarsu, mai sunan dangi irin na maƙwabtansu, sanye da kayan 'yan sama jannati da tutar ƙasa a kafaɗarta. Bayan nan yarinyar da a da ba ta ɗaga hannu a darasin lissafi ta zo tana tambayata wane fanni ake karantawa kafin a yi aiki a kan tauraron ɗan Adam. Injiniya ya ce Birazil da makaranta ta fara. To, makaranta ba ta cika sai yara sun yarda cewa akwai gurbinsu a cikin abin, kuma wannan tafiya ta yi aikin da huɗubarmu ta shekaru ba ta yi ba.

Malamin Riyad

Hajiya, ban musa tasirin da kika gani da idonki ba, Allah ya yi wa yaran albarka. Sai dai kujerun nan saye aka yi daga kamfanin Axiom, rokar ta SpaceX ce, daga Florida kuma ta tashi. Yarima Sultan bin Salman ya shiga kumbon Discovery a watan Yunin 1985, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, murnar da aka yi a lokacin ba ta gaza ta 2023 ba, amma sai da aka shekara 38 kafin wani ɗan ƙasar ya sake zuwa. Hukumar sararin samaniya ma sai a ƙarshen 2018 aka kafa ta. Idan za a kashe kuɗi a sama, na fi son irin na Arabsat, da aka kafa a 1976 da hedikwata a nan Riyad, wanda ke sayar da hidimar talabijin da sadarwa, da kuma taurarin SaudiSat da injiniyoyin gida suke ƙerawa tun daga shekarar 2000.

Injiniya, ga abin da ya hana ni sakin jiki. Ƙoƙarin mayar da wannan sana'a gida ba yau ya fara ba. Tun a shekarun 1980 ake sa wa kamfanonin Amurka da Birtaniya sharaɗin su zuba wani kaso na kuɗin kwangila a cikin ƙasa, daga nan ne aka samu kamfanoni irin su Alsalam da aka kafa a 1988, wanda ya kai ga haɗa fukafukan jirgin yaƙi na F-15. An kuma harhaɗa jiragen koyo na Birtaniya samfurin Hawk a Zahran. Duk da haka, bayan kusan shekara talatin, kai da kanka ka ce kashi 2 cikin ɗari aka ƙirga a 2016. Me zai sa wannan karon ya bambanta? Kuma idan akwatuna suka zo daga Ingila aka ɗaure su a nan, a wane kaso za a rubuta shi?

Alhaji Mai Kago

Salamu alaikum. Ni sana'ata aika kayan alhazai da na 'yan kasuwa daga Jidda zuwa Kano, don haka kullum ina bakin jirgi, kuma maganar nan ta gida Najeriya take tuna mini. Mu ma mun fara da wuri. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage ta Zariya tun 1964 take. A shekarun 1990 an harhaɗa ƙananan jiragen koyo na Air Beetle kimanin 60 a Kaduna. An harba tauraron ɗan Adam NigeriaSat-1 a 2003, NigComSat-1 da Sin ta ƙera mana ya tashi a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011, a shekarar kuma aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila. Amma kamfanin jiragen ƙasa ya rufe a 2003, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya tsaya shi kaɗai, ba a ɗora wani a kansa ba.

Sakamakon yana shiga aljihun talaka. Yawancin manyan gyare-gyaren jiragen Najeriya a waje ake yin su, da dala ake biya, jirgi kuma ya tafi fanko ya dawo fanko. Duk wannan yana cikin kuɗin kujerar hajji, yana cikin abin da nake caji a kan kowane kilo. A ɓangaren tsaro kuwa, jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta saya kan kusan dala miliyan 500 zanen Birazil ne, amma a Florida aka haɗa su, sai da Amurka ta ga dama ta amince, ba su iso ba sai 2021, alhali shekaru ana neman su mutane na mutuwa a Arewa maso Gabas. Malam, ka sa wannan jiran ma a cikin lissafi.

Injiniyan Jidda

Malam, tambayarka ita ce mafi nauyi da aka yi a wannan zaure, kuma ba zan kauce mata ba. A fahimtata, abin da ya rage wa ƙoƙarin baya ƙarfi shi ne mai saye ɗaya ne, wato gwamnati, aikin kuma a ɗaure yake da kwangila. Kwangila na ƙarewa layin aiki ya tsaya, ma'aikata su nemi wani wuri, ikon sauya zane kuma dama yana hannun mai jirgin.

Maroko ta bi wata hanya dabam. A farkon shekarun 2000 ta fara da abin da wasu za su raina, wato ɗaure wayoyin lantarki na jirgi a Kasablanka, cikin haɗin gwiwar Boeing da kamfanin jiragen ƙasar da wani kamfanin Faransa. Aiki ne na haƙuri, ma'aikaciya na tsaye gaban dogon allo tana bin zane waya bayan waya. Suka buɗe makarantar koyar da sana'o'in jirgi a gefen masana'antun, yau suna da kamfanoni fiye da 100 da ma'aikata fiye da 20,000, suna fitar da kayan da suka haura dala biliyan 2 a shekara. Ba wanda ya tilasta wa Airbus ko Safran sayen kayansu, farashi da inganci da cika alkawari ne suka sa ake dawowa. Kamfanin Strata da ke Al'ain a Daular Larabawa ma haka yake yi da sassan fukafuki.

Saudiyya tana da abin da za ta shiga da shi ta wannan ƙofa. A Yanbu akwai masana'antar titaniyam da aka gina tare da kamfanin Toho na Japan, ta fara aiki a 2019. Kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyin Boeing 787 titaniyam ne, kuma tun da Boeing ya daina sayen na Rasha a 2022 ake neman wasu hanyoyin samunsa. Ga alminiyam a Ras Alkhair, ga wutar lantarki mai araha, ga kuma ɗaruruwan jiragen da aka yi oda, waɗanda kowannensu zai shekara ashirin ko fiye yana buƙatar gyara. Kuɗin da ake kashewa wajen kula da jirgi tsawon rayuwarsa ba ƙaramin kaso ba ne idan aka gwada da kuɗin sayensa, kuma wannan kason ne za a iya riƙewa a gida tun yanzu.

Malamin Riyad

A kan hanyar Maroko ba mu da saɓani, domin kasuwa ce ke yi mata alƙalanci. Inda nake nan a kan bakana shi ne batun jirgi sukutum mai tambarin ƙasa, wanda nake ganin bai kamata a sa kuɗin jama'a a kansa yanzu ba. Alhaji da Baba kuma sun gamsar da ni cewa a kayan tsaro akwai abin da ya cancanci a biya shi da tsada don kada a wayi gari ana roƙo. Abin da zan zuba ido in gani shi ne ranar da kamfanin jiragen wata ƙasa, wanda ba shi da wata alaƙa da gwamnatin nan, zai kawo jirginsa Jidda gyara saboda ya fi masa sauƙi da sauri a kan Istambul ko Adis Ababa.

Baba na Maiurno

Injiniya, ɗana, saura tambaya ɗaya daga bakin tsoho. Jikokina suna nan tare da ni, wasu an haife su a Makka, wasu yaƙi ne ya kawo su. Idan wannan sana'a ta buɗe kamar yadda kuke faɗa, ta ina yaranmu za su shiga?

Injiniyan Jidda

Baba, Allah ya ƙara girma. Zan faɗa maka yadda abin yake ba tare da ƙari ba. Aikin da ya shafi jiragen soja na 'yan ƙasa ne, kuma sai an tantance mutum. A jiragen fasinja ma ana fifita ɗan ƙasa wajen ɗauka da wajen guraben horo, don haka 'yan uwanmu Hausawa masu takardar ƙasa su ne ƙofa ta fi buɗe wa, kuma ya kamata iyaye su tura su makarantun koyon gyaran jirage tun suna gama sakandare, maza da mata. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, hanyarsa ta fi tsawo, amma lasisin gyaran jirgi abu ne da ake tafiya da shi ƙasa zuwa ƙasa, ko da yake kowace hukuma tana da nata sharuɗɗan kafin ta karɓe shi. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya tana ba da na gangar jiki da na inji, a tsarin Turai kuma akwai B1 na ƙarfe da inji da B2 na lantarki da na'urori. Kwalejin Zariya tana koyar da wannan, makarantar kamfanin jiragen Habasha da ke Adis Ababa ma tana karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashe.

Abin da za ku fara da shi a gida shi ne Turanci da lissafi, domin duk littattafan gyara da Turanci suke, kuma yaron da bai iya karanta umarni ya fahimce shi daidai ba, ba za a bar shi ya taɓa jirgi ba. Wanda bai samu damar dogon karatu ba, akwai aikin gano tsagewar ƙarfe da na'ura, da gyaran sassan da aka yi da zaren kabon, da walda ta musamman, duk ana neman masu su ido rufe. Ka turo mini manyan cikinsu ta saƙon sirri tare da matakin karatun kowanne, in duba abin da ya dace da shi.